Kazar da ta ƙi shiga kati: muhawarar 'yan gida mazauna Amurka kan katin abinci

Maman Hanifa (Bronx):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da dogon rubutu, abin ne ya tsaya min a rai tun jiya. Wata biyu ke nan da aka ba mu katin EBT, wato katin tallafin abinci na gwamnati, saboda yara, tun da aka rage wa Baban Hanifa awoyin aiki. Shi yake zuwa cefane da shi, jiya ne na fara zuwa da kaina. Na shiga wani kanti mai sashen naman halal, na ɗebi shinkafa, man girki, albasa, tumatirin gwangwani, madara, ƙwai, sai omo da tishu da famfas ɗin Auta. Zan fita ƙamshin gasasshiyar kaza ya ja ni, na ce bari in hutar da kaina girkin dare, na ɗauki ɗaya da zafinta. Kashiya ta buga komai, na goga kati, na sa lamba, sai ta ce min saura dala 43. Ni kuwa ko dala 25 ba ta cika a jakata ba. Layi ya yi tsawo, kowa ya zuba min ido, kuma wadda take bayana 'yar garinmu ce da muke haɗuwa wajen suna da biki. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na mayar da kaza da omo, na biya famfas da tishu, na fito ko waiwaye ban yi ba. Abin da ban gane ba, rasit ya nuna akwai sauran sama da dala 300 a katin. To me ya hana?

Abdul (Harlem):
Wa alaikumus salam Anti. Katinki lafiyarsa ƙalau. Shekara huɗu ina aikin kashiya, kusan kullum sai na ga irin wannan. Kuɗin SNAP, wato shirin tallafin da ke zuba kuɗi a katin, na abincin da za a kai gida ne kawai. Omo, sabulu, tishu, famfas, man shafawa, magani, duk ba sa shiga. Kaza kuwa laifinta ɗaya, zafi. Duk abin da ake sayarwa da zafinsa, katin ba ya biya. Da a ce kazar nan ta huce sun sa ta a firji sun manna mata farashi, da ta wuce salin alin. Na'urar ce take ware kayan da kanta, ba kashiya ba.

Hajiya Rabi (Bronx):
Oh ni Rabi! Kaza ɗaya, da zafi haram, da sanyi halal. Turawa da fiƙihunsu.

Abdul (Harlem):
Haka dokar take Hajiya. Mu ma da muke aikin muna ganin rashin kan gadon abin. Mutum ya taso daga aiki ƙarfe goma na dare, an yarda ya sayi lemon kwalba da cincin, an hana shi kaza mai ɗumi. Akwai jihohin da suke da tsarin cin abinci a wasu gidajen abinci da katin, amma na tsofaffi ne da naƙasassu da marasa matsuguni, ba na kowa ba.

Anti, dabarar da zan ba ki: tun a keken tura kaya ki raba, abinci gaba, wanda ba abinci ba baya. A kan tebur ki sa sandar nan ta raba kaya a tsakani, ki biya na farko da EBT, na biyu da kuɗinki. Sai ki san abin da zai fita daga aljihunki tun kafin ki iso gaban layi. Kuma ki riƙa duba ƙasan rasit, nan ake rubuta abin da ya rage.

Zainab (Columbus, Ohio):
Yaya Maman Hanifa sannu. Auta bai kai shekara biyar ba ko? To ki nemi WIC ma, shiri ne daban, na masu juna biyu da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Sai dai shi ya fi SNAP tsauri a wajen biya, don an ƙayyade irin madarar da girman kwalin hatsin da za ki ɗauka, kina kuskure ya ƙi. In kina da duka biyun, WIC ake fara gogawa, sannan EBT, sannan kuɗinki. Dalili, na WIC in wata ya ƙare ya tafi ke nan, na SNAP kuwa yana tsallakawa wata na gaba. Sai an yi wata tara ba a taɓa katin ba ake kwashe shi.

Alhaji Garba (Brooklyn):
Ni fa ku yi min afuwa, zan faɗi abin da ba za a so ji ba. Shekara 26 ina ƙasar nan. Na yi wankin mota cikin sanyin da yatsa ba ta lanƙwasuwa, na yi gadi, na ja tasi, ban taɓa riƙe wannan kati ba. Lokacin da muka zo takardu ne masu launi kamar kuɗin wasan yara, ana yagowa daga ɗan littafi a gaban kowa, kuma duk wanda aka gani da su an san matsayinsa. Kunyar da Maman Hanifa ta ji ita ce daidai, alama ce zuciya ba ta mutu ba. Mun bar gida don mu nema ne, ba don mu miƙa hannu ba. Hannun sama ya fi hannun ƙasa, ba ni na faɗa ba.

Zainab (Columbus, Ohio):
Baba Alhaji, da girmanka, amma a nan ban bi ka ba. Baban Hanifa yana aiki, duk sati ana yankar haraji a albashinsa kafin ya gan shi. Wannan kuɗi daga ina ya fito? Daga ma'aikatar noma ta tarayya, wato daga harajin nan. A 2024 mutum wajen miliyan 42 ne suke karɓa a ƙasar nan, kusan ɗaya cikin takwas, kuma kaso mai yawa yara ne da tsofaffi. A asibitin da nake aiki akwai masu shara da masu tura marasa lafiya, cikakken aiki suke yi, da katin suke ƙarasa wata. Su ma mabarata ne?

Alhaji Garba (Brooklyn):
'Yata, ni ma ina biyan harajin, shi ya sa abin yake min ciwo. Na ga mai katin nan da idona ta fito daga kanti ta shiga motar da ni ban isa in saya ba.

Hajiya Rabi (Bronx):
Alhaji ka san motar tata ce? Ko ta wanda take yi wa aikin raino ce? Ni na yi shekara shida ina kai wata tsohuwa asibiti a motar ɗanta, duk wanda ya gan ni sai ya ce Hajiya ta faso gari. A Kumasi ma an kai labari.

Kuma bari in gaya maka, kunyar nan ba ta Turawa ba ce. Baturen da ke bayanka a layi wayarsa yake latsawa, bai san kana yi ba. Namu muke jin tsoro. Na san matan da suke hawa jirgin ƙasa su tsallake kantin unguwarsu su tafi can wata uwa duniya yin cefane, don kada wata ta gan su. Kuɗin jirgi da wahalar ɗauko kaya, duk don bakin mutane.

Maman Hanifa (Bronx):
Wallahi Hajiya kamar kin shiga zuciyata. Da 'yar garinmun nan ba ta wurin, da ko a jikina.

Ɗan Damagaram (Greensboro):
Salamu alaikum. Ni tambayata ga Malam. Kuɗin gwamnatin da ba ta Musulunci ba, wadda take karɓar haraji har daga masu giya da caca, ya halatta a ci? Muna ta gardama a kan haka a wajen aiki.

Malam Idris (Bronx):
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na karanta duka. Alhaji Garba, hadisin da ka kawo ingantacce ne, kuma wanda Allah ya hore wa ya kame kansa, ya yi abin yabo. Amma akwai wani a Buhari da Muslim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake ba Sayyadina Umar kyauta, shi kuma yana cewa a ba wanda ya fi shi buƙata. Sai aka umarce shi ya karɓa, cewa abin da ya zo maka na dukiya ba tare da kwaɗayi ko roƙo ba, ka karɓa. Abin da hukuma ta ware ta ce duk wanda samunsa bai kai kaza ba haƙƙinsa ne, ba bara ba ne. Kuma muna hawa titinsu, yaranmu suna makarantunsu, duk daga baitulmali ɗaya.

Inda matsalar take, kuma nan nake so a saurare ni, wajen cika takarda ne. Wanda yake samun kuɗi a hannu, kitso ko tasi ko ɗinki, ya rubuta ba ya samun komai. Matar da mijinta yake kwana a gida kullum, ta rubuta ba ta da miji. Wannan ƙarya ce da sa hannu a ƙasa, kuma abin da aka ci da ita ba ya zama halal don wanda aka yi wa ƙaryar ba Musulmi ba ne. Amana ba ta da addinin wanda ya ba ka ita.

Hajiya Rabi (Bronx):
To fa. Malam ya taɓo inda yake ƙaiƙayi. Gidan ya yi tsit.

Alhaji Garba (Brooklyn):
Allah ya saka da alheri Malam. Ai abin da nake nufi ke nan.

Zainab (Columbus, Ohio):
A'a Baba, ba shi ka faɗa da farko ba. Cewa ka yi kunyar da ta ji daidai ce. Ita kuwa ba ta yi wa kowa ƙarya ba.

Alhaji Garba (Brooklyn):
Ke dai ba a kayar da ke. To na janye rabin maganar. Rabin yana nan.

Maman Sadik (Indianapolis):
Ni ina da wata magana ta daban. Mu nan Indiana tun 1 ga Janairun 2026 katin ya daina sayen lemon kwalba da alewa. Ba mu kaɗai ba, Iowa da Nebraska da Utah da West Virginia ma sun hana lemon kwalba a ranar, kuma wasu jihohin sun biyo baya. Ranar farko na ga wata da yaranta uku, an ware mata kwalaben lemo gefe, ƙaramin yana ta ihu. Ni ban damu da lemon ba, dama ciwon suga ya ishe mu. Abin da ya dame ni, yanzu ba ka san me zai wuce me zai maƙale ba sai ka zo gaban layi. Wani abin zaƙi ya shige, wani ya ƙi. Kashiyar ma ba ta sani ba, sai ta ce na'ura ce.

Abdul (Harlem):
Irin wannan ruɗanin dama akwai shi a kan lemukan ƙarin kuzari da garin da ake damawa. Ki juya bayan gwangwanin. In takardar bayanin abinci ce irin ta madara da biskit, yana shiga. In an rubuta shi a matsayin ƙarin sinadarin jiki, kamar bitamin, ba ya shiga. Abu biyu a jere kan kanta ɗaya, ɗaya ya wuce ɗaya ya ƙi.

Sauran abubuwan da mutanenmu ba su sani ba, ana cutarsu a banza. Ba a ɗora harajin saye a kan abin da aka biya da SNAP. Mai kanti ba shi da ikon ce miki sai kin sayi na dala goma kafin ya karɓi katin, ko ƙwai ɗaya ne. Ba a buɗe wa masu EBT layi na daban. In kin mayar da kaya, kuɗin katin yake komawa, ba a ba ki a hannu. Nan New York ko senti biyar na jakar takarda ba a karɓa a hannun mai SNAP ko WIC. Kuma katin New York yana aiki a New Jersey, yana aiki a Ohio, ko'ina cikin ƙasar.

Ɗan Damagaram (Greensboro):
To ragon layya fa? Ko kazar da ake yankawa a gabanka?

Abdul (Harlem):
Dabba mai rai ba ta shiga, ba za ka ja rago da igiya ka goga kati ba. Amma dokar ta ware wadda aka yanka kafin ka ɗauka daga wurin, don a lokacin ta zama nama. Sharaɗi, wurin yana da izinin karɓar EBT. Wasu mayankan kaji suna da shi, gonakin da ake zuwa layya da yawa ba su da shi. Ka tambaya kafin a sa wuƙa.

Malam Idris (Bronx):
Ɗan Damagaram, wanda yake kan katin abinci ai layya ba ta hau kansa ba. Kada a cinye abincin yara na wata guda a rana ɗaya don a ce an yi.

Hajiya Rabi (Bronx):
Tunda an buɗe fai-fai bari in faɗi nawa, ko wata za ta tsira. Bara cikin azumi kuɗina ya shiga da dare, dala 291. Da safe na tafi sayen dabino da gero da nama, na goga, aka ce saura senti 60. Na ce a sake. Aka sake. Na kira lambar da ke bayan katin, aka karanto min wai an yi sayayya a wata jihar da ban taɓa takawa ba, ƙarfe uku na dare. Ashe a wani ƙaramin shago ɓarayi sun ɗora wata na'ura a kan ta goga kati, tana kwafe katin da lambar sirri. Suna jira kuɗi ya sauka su share. Na je ofis da takarduna, yarinyar ta ce min Mama ki yi haƙuri, shirin mayar da kuɗin da aka sace ya ƙare tun 20 ga Disambar 2024. Haka na yi azumin nan da taimakon masallaci da 'yata.

Yanzu jikata ta sa min manhajar katin a waya. Kullum a kulle yake, sai na iso gaban kashiya in buɗe, in gama in rufe. Na toshe sayayya daga wata jiha. Lambar sirri kuwa duk wata nake canzawa, ana gobe kuɗi zai shiga. Kuma kafin in goga sai na ɗan jijjiga murfin na'urar, in na ji yana motsi in fasa. Su yi ta kallona.

Zainab (Columbus, Ohio):
Allah sarki Hajiya. Abin haushin, katin banki an daɗe da sa masa ɗan guntun ƙarfen tsaro, na talaka kuwa a yawancin jihohi har yanzu baƙin layin nan ne na baya, wanda kwafe shi ba wuya. California ce ta fara sauya nata a 2025.

Sabo (Newark):
Ni sabon zuwa ne, wata takwas. Wani ya ce min in na karɓa ba za a ba ni takardar zama ba har abada. Wani kuma ya ce akwai shagon da za ka ba su katin su ba ka kuɗi a hannu. Wanne ne gaskiya?

Zainab (Columbus, Ohio):
Sabo, na biyun ka guje shi kamar wuta. Su cire dala 100 su ba ka 50, ka yi asara, kuma laifi ne babba. Kwamfutar hukuma tana ganin ɗan shagon da ba shi da ko keken tura kaya amma ana goge dala 200 a tashi ɗaya. Shagon a ƙwace izininsa, kai a dakatar da kai, in abin ya kai dala 500 an rufe maka har abada, kuma ga shari'a a kan mai neman takarda.

Na farkon kuma, tun dokar 1996 yawancin manya masu katin zama na dindindin sai sun shekara biyar kafin su cancanta. Yaran da aka haifa a nan 'yan ƙasa ne, ana iya nema musu ko iyayen ba su cancanta ba. Dokar da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta cire 'yan gudun hijira da masu mafaka da ba su kai ga samun katin zama ba, ta kuma kai sharaɗin aiki har shekara 64. Batun ko karɓa zai shafi takarda, an sa SNAP cikin lissafi a 2019, aka daina a 2021, ƙa'idar 2022 ta fitar da shi, kuma gwamnatin Trump ta sake tayar da maganar a 2025. Abin yana juyawa da wanda yake mulki. Kada ka ɗauki fatawar wajen shan shayi, ka je wurin lauyan shige da fice, akwai masu yi kyauta.

Alhaji Garba (Brooklyn):
Ga irinta nan. Abin da yau a ba ka gobe a hana ka. Kun manta rufe gwamnati na kwana 43 daga Oktoba zuwa Nuwamban 2025, da kuɗin bai shigo kan lokaci ba? Layin da na gani a ƙofar wani wurin rabon abinci ya zagaye gini. Wanda ya dogara da tuwon wani, da yunwa zai kwana.

Hajiya Rabi (Bronx):
Alhaji, wa ya dogara? A lissafin Oktoban 2025, mafi yawan abin da ake ba mutum ɗaya dala 298 ne a wata, gida mai mutum huɗu 994, kuma sai wanda ba shi da komai yake samun cikakken. Yawanci abin bai wuce dala shida a rana ba. Je ka sayi naman halal da doya da manja a kantin 'yan Afirka ka ga kwana nawa zai yi. Ciko ne. Ni da rani kasuwar manoma nake zuwa, duk dala biyu da na kashe da katin su ba ni takardar Health Bucks ta dala biyu, har goma a rana. Alayyafo da kuɓewa da attaruhu nake lodowa in daskarar. Har irin shuka katin yana saye, tumatir ɗin da ke tagata da shi na sayi irinsa.

Maman Sadik (Indianapolis):
A taɓo masu cika durom da shinkafa da madara da taliya na katin su aika gida mana. Ko shi ma ba a magana?

Malam Idris (Bronx):
An ba ka ne don mutanen da ka rubuta a takarda su ci. In har yana ragowa da yawan da zai cika durom, to a sake duba abin da aka rubuta.

Maman Hanifa (Bronx):
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Yau na koma, na yi yadda Abdul ya ce, abinci gaba, omo baya da sanda a tsakani. Ko minti biyu ban yi ba. Kaza ɗanya na saya, tana cikin tanda yanzu haka. Zainab na kira ofishin WIC sun ba ni ranar Talata.

Sai dai labari ya riga ya isa Kano. Ɗazu surukata ta kira, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce ashe gwamnati ce take ciyar da ku a can, kyauta kuke ci ba ku faɗa ba? Na fara kame-kame, ina jiran faɗa. Sai ta ce to tunda an ɗauke muku cefane, a gaya wa Baban Hanifa ya ƙara abin da yake aikowa duk wata, azumi ya kusa.

Hajiya Rabi (Bronx):
Kwana biyu kacal! Ko DHL albarka.

Alhaji Garba (Brooklyn):
Ki ce wa maigidan ya kira ni. Akwai wani da yake neman direban rana, Litinin zuwa Juma'a.